Diw na Farisawa: aljani ne, ko shaiɗan, ko dodo?

Aminu Tsafe ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Kwanakin nan ina karanta labaran jarumi Rustam a cikin Shahnama, littafin sarakunan Farisa wanda Firdausi ya wallafa da waƙe, kuma akwai kalma guda da ta hana ni sakat, wato diw. A wani wuri sai in ga diw halitta ce mai ƙaho da haure da gashi a jiki, tana kwana a kogo, jarumi ya far mata ya yanke mata ƙafa. A wani wurin kuma sai in ga diw yana da sarauta da rundunar mayaƙa, yana waƙa da kiɗa a fada, har ma yana koya wa sarki rubutu. Da na leƙa abin da aka rubuta game da addinin Majusawa, mabiyan Zaradasht, sai na tarar can kuma ana maganar daewa, ana cewa su ne rundunar Ahriman, tushen duk wata ɓarna a duniya.

Ina so in rubuta wa ƙannena wasu daga cikin labaran nan da Hausa, amma na rasa kalmar da zan sa. In na ce aljani, zuciyata ba ta kwanta ba, domin aljanun da muka sani akwai na kirki a cikinsu. In na ce shaiɗan, to shaiɗan ba a kama shi a yanka a kogo. Shin daewa na addinin Majusawa da diw na Shahnama abu ɗaya ne? Kuma mene ne ainihinsu a wurin masu addinin? Allah ya ƙara wa malamai ilimi.

Malam Sani Gwarzo ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Aminu. Kalmar dai guda ce, zamani ne ya yi ta sassaƙa ta. A harshen Abesta, littafi mai tsarki na mabiyan Zaradasht, daewa ce. A tsohon Farisanci na sarakunan farko daiwa. A harshen Fahlawi na zamanin daular Sasaniyawa, wadda ta yi mulki daga shekarar 224 zuwa 651, ta zama dew. A bakin Firdausi kuma diw. Abin da zai ba ka mamaki shi ne asalin ma'anarta abin bauta ne, kuma 'yar'uwarta tana nan da ranta a Indiya, inda har gobe dewa ke nufin abin bauta mai alheri. Kakannin Iraniyawa da na mutanen arewacin Indiya sun taɓa zama al'umma guda mai harshe guda, sai ga shi kalma ɗaya ta zama yabo a wani ɓangare, ta zama la'ana a ɗayan. Akasin haka ma ya faru: ahura, wadda ke cikin sunan Ahura Mazda, mahaliccin da mabiyan Zaradasht ke bauta wa, a Iran tana nufin ubangiji, alhali asura a Indiya ta ƙare a matsayin sunan abokan gaban alloli.

Saboda haka in ka koma ga mafi tsufan sashen Abesta, wato waƙoƙi 17 da ake kira Gata waɗanda ake jingina wa Zaradasht kansa, ba za ka tarar da dodanni masu ƙaho ba. Daewa a can abubuwan bauta ne da wasu mutane ke yi wa yanka, Zaradasht kuma yana cewa ba su cancanci bauta ba. A babi na 30 na Yasna, sashen Abesta da waƙoƙin nan ke ciki, an ce akwai ruhi biyu tun farko, ɗaya ya zaɓi gaskiya da tsari, abin da suke kira asha, ɗayan ya zaɓi ƙarya, wato druj. Daewa kuwa, suna cikin shawara sai ruɗu ya auka musu, suka kasa zaɓar daidai, suka ɗauki mugun tunani, sannan suka ruga wurin Aeshma, wato hasala, suka shiga cutar da rayuwar 'yan Adam. Ka lura da wannan sosai: a matakin farko laifinsu mugun zaɓi ne. Daga baya ne malaman addinin suka daidaita a kan cewa daewa halittar Angra Mainyu ne, wanda a Fahlawi ake kira Ahriman, ya ƙago su ne domin su ɓata abin da Ahura Mazda ya halitta.

Har shaidar dutse akwai. A shekarar 1935 masu tonon kayan tarihi suka samo wani rubutu a Persepolis, kufan birnin da mutanen Iran ke kira Takhti Jamshid, na sarki Hashayarsha wanda Turawa ke kira Xerxes, wanda ya hau gadon mulki a shekara ta 486 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki sarkin yana cewa cikin ƙasashensa akwai inda ake bauta wa daiwa, shi kuwa da yardar Ahura Mazda ya rushe ɗakin bautar, ya yi shela cewa kada a ƙara bauta musu. Bai faɗi sunan wurin ba, shi ya sa masana ke ta jayayya a kai har yau, amma maganar ta nuna cewa a zamaninsa daiwa abin bauta ne na wasu mutane masu rai, ba tatsuniya ba.

Inda al'amarin ya yi kauri shi ne littafin Wendidad, mai babi 22, wanda ma'anar sunansa ita ce dokar yaƙi da daewa. A nan kowane yana da suna da sana'a. Akwai Indra da Saurwa da Nanghaitya, kuma duk wanda ya san littattafan Hindu zai gane su, domin Indra babban abin bauta ne a can. Malaman baya suka jera manyan daewa shida suka sa kowane ya fuskanci ɗaya daga cikin tsarkakan halittu shida da ke kewaye da Ahura Mazda, ta yadda Aka Manah, mugun tunani, ke gaba da Wohu Manah, kyakkyawan tunani. A wani sashen Abesta akwai Apaosha mai kawo fari, wanda ke zuwa a siffar baƙin doki marar gashi ya yi kokawa da tauraron ruwan sama Tishtrya, shi kuma a siffar farin doki mai kunnuwan zinariya. A karon farko, bayan kwana uku ana fafatawa, Apaosha ne ya yi nasara, Tishtrya ya koka cewa mutane ba su ambaci sunansa a ibada ba, sai da Ahura Mazda da kansa ya ƙarfafa shi sannan ya kori fari, ruwa ya sauka. Akwai kuma Bushyasta mai dogayen hannuwa, wadda aikinta shi ne ta riƙe mutum a kan shimfiɗa da asuba tana ce masa ya ƙara barci, zakara kuma yana cara yana tashe shi. Ni dai duk cikinsu wannan ce na fi jin na san ta.

Wadda ta fi shafar rayuwar yau da kullum ita ce Nasu, daewar gawa. A koyarwar Wendidad, da zarar rai ya fita sai ta taso daga arewa, wadda ita ce nahiyar daewa, a siffar ƙuda ta shiga gawar, duk wanda ya taɓa kuma ƙazantar ta kama shi. Daga nan al'adu da dama suka samo tushe: ana kawo kare ya dubi mamacin domin kallonsa ya kore ta, kuma ba a binne gawa a ƙasa kai tsaye, ba a ƙona ta, ba a jefa ta a ruwa, domin ƙasa da wuta da ruwa tsarkaka ne. Shi ya sa ake ajiye matattu a kan hasumiyar da ake kira dakhma, irin waɗanda kufansu ke bayan garin Yazd a Iran, kuma wasu mabiyan Zaradasht na Mumbai a Indiya ke amfani da tasu har yanzu.

To ka ga shakkar da ka yi a kan kalmar aljani tana da tushe. Aljanu a Musulunci halittar Allah ne, kuma Suratul Jinni ta faɗa da bakinsu cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Daewa kuwa ba shi da na kirki ko guda, kuma ba mahaliccin alheri ne ya yi shi ba. Hatta harshen Abesta ya ware musu kalmomi: hannun mutumin kirki zasta ne, na daewa kuwa gawa (kalmar Abesta ce, ba gawar mamaci ba), kamar yadda mu ba ma cewa dabba ta rasu. In addinin kake fassarawa, shaiɗanu ta fi kusa.

Malama Hadiza Zariya ta amsa:

Allah ya saka wa Malam Sani da alheri, bayanin ya gamsar ta fuskar addinin. Sai dai Malam Aminu labaran Shahnama zai rubuta, kuma a nan ina ganin kalmar shaiɗanu za ta gaza masa. Firdausi Musulmi ne, mutumin Tus a yankin Khurasan, ya kammala littafinsa a shekarar 1010, fiye da ƙarni uku da rabi bayan faɗuwar Sasaniyawa, cikin baiti wajen dubu 50. Abin da ya gada labaran sarakuna da jarumai ne, ba littattafan limaman Majusawa ba, kuma mai ba da labarin jarumi yana bukatar abokin gaba mai wuya da za a sara.

A farkon littafin kam diw yana kusa da abin da Malam ya bayyana. Baƙin Diw, ɗan Ahriman, shi ya kashe Siyamak ɗan Kayumars sarki na farko, Hushang jikan Kayumars ya rama. Amma daga sarki Tahmuras, wanda ake yi wa laƙabi da Diwband, wato mai ɗaure diw, sai labari ya juya. Da ya ci su da yaƙi ya ɗaure su, sai suka roƙi ya bar su da rai su koya masa wata fasaha, abin da suka koya masa kuwa shi ne rubutu, kusan iri 30, har da na Rumawa da na Larabawa da na Farisawa da na Sin. Jamshid da ya gaje shi ya sa su kwaɓa ƙasa da ruwa suna buga tubali, suna gina fadoji da gidajen wanka, suka kuma ɗaga gadon sarautarsa sama, ranar da aka mayar bikin Nauruz. Duk wanda ya karanta Suratu Sad zai tuna da shaiɗanun da aka hore wa Annabi Sulaiman (AS), magina da masu nutso. Abin lura shi ne a Abesta daewa ba ya gina komai, rushewa kawai ya iya, amma a nan ga shi magini kuma malamin rubutu.

Labarin Mazandaran ya fi kowane nuna haka. Wani diw mawaƙi ne ya zo fadar Kay Kawus ya wasa ƙasarsu Mazandaran, ya yabi furanninta da iskarta, har sarkin ya ɗaura aniyar cin ta da yaƙi duk da gargaɗin Zal, mahaifin Rustam, da manyan fada. Wato Kawus ne ya kai hari, ba su suka tsokane shi da makami ba. Sarkin Mazandaran ya nemi taimakon Farin Diw, shi kuma ya turo baƙin hadari ya makantar da Kawus da rundunarsa, aka tsare su. Rustam ya bi hanya mai haɗari bakwai a kan dokinsa Rakhsh, ya kama wani mai suna Aulad ya mai da shi ɗan jagora, ya kashe Arzhang Diw, sannan Aulad ya ba shi shawara ya jira rana ta take, domin diw da tsakar rana suke barci. Ya shiga kogon, aka yi mummunar kokawa, ya yanke wa Farin Diw ƙafa, ya farke shi ya ciro hantarsa, aka ɗiga jinin a idanun Kawus da mutanensa suka koma gani. Waɗannan diw suna da ƙasa da sarki da iyaka da sarakunan yaƙi masu sunaye, shi ya sa wasu masana ke ganin cewa a ƙarƙashin labarin akwai tunawa da wasu al'ummu da suka ƙi miƙa wuya ga Iraniyawa, aka mai da su dodanni a bakin maroƙa. Ba a tabbatar da wannan ba, kuma akwai saɓani ko Mazandaran ta littafin ita ce lardin da ke gaɓar tekun Kasfiyan a yau, wanda a da aka fi sani da Tabaristan. Ƙahon da hauren da ka gani, Malam Aminu, mafi yawa aikin masu zane ne na ƙarnonin baya, irin waɗanda suka ƙawata kwafin Shah Tahmasp a Tabriz a ƙarni na 16.

Wani abu kuma: a labarin Zahhak, Firdausi ya kira mai zugar da sunan Iblis. Iblis ne ya zuga shi ya kashe mahaifinsa Mardas, ya dawo a siffar mai dafa abinci ya sumbaci kafaɗunsa macizai biyu suka tsiro, ya sake dawowa a siffar likita ya ce maganin shi ne a ciyar da macizan ƙwaƙwalwar mutane kullum. A Abesta wannan Zahhak shi ne Azhi Dahaka, maciji mai kai uku da ido shida, wanda Angra Mainyu ya yi. Firdausi ya mai da shi mutum, azzalumin sarki da ya yi shekara 1000 yana mulki har Kawa maƙeri ya yi bore, Faridun ya ɗaure shi a dutsen Damawand. Wato a wannan karon dodon ne ya zama mutum. Don haka ni shawarata, inda ake kokawa a kogo ka ce dodo, yaran za su gane nan take.

Garba Maraɗi ya amsa:

Ina neman afuwar malamai, ni ɗalibi ne a wannan fage, amma ina da ja a kan dodo. Dodon tatsuniyarmu wawa ne mai ci, yarinya ƙarama ma takan yi masa wayo, kuma ba shi da alaƙa da wani tsarin addini na gaskiya da ƙarya. In aka kira Farin Diw dodo, nauyin labarin zai ragu, yaro zai ɗauka gatanan gatanan ku ce. Na taɓa jin cewa tsofaffin fassarorin Alƙur'ani na Farisanci sukan sa diw a gurbin shaiɗan, su sa pari a gurbin aljani. In haka ne, ai su Farisawan da kansu sun riga sun yanke hukunci. Kuma tun da an ambaci Majusawa, waɗanda sunansu ya zo a aya ta 17 ta Suratul Hajji, masana da yawa suna ganin daga wannan kalma ce aka samo Maguzawa, ko da yake Maguzawa ba su da wata alaƙa da Zaradasht, suna ne kawai aka ara aka liƙa musu.

Aminu Tsafe ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma yanzu wata tambayar ta taso mini. Malam Sani ya ce Nasu tana zuwa a siffar ƙuda, Apaosha a siffar doki, Malama kuma ta kawo diw mai hanta da jini. To a akidar Majusawa su daewa suna da jiki ne, ko kuwa aron siffa suke yi?

Malam Sani Gwarzo ya amsa:

Malam Garba ya yi daidai game da fassarorin nan, abin da ya ji haka yake. Tambayarka kuwa, Malam Aminu, ita ce wurin da malaman Majusawa suka fi zurfafa tunani, musamman a littattafan Fahlawi irin su Bundahishn da Denkard, waɗanda aka tattara a wajen ƙarni na 9, lokacin da addinin ya riga ya zama na 'yan tsiraru a ƙarƙashin mulkin Musulunci. Sun raba samuwa gida biyu: menog, wato ta ruhi wadda ba a gani, da getig, wato ta jiki wadda ake taɓawa. Halittar Ohrmazd, wato Ahura Mazda, tana da duka biyun, kuma a wurinsu samun jiki kamala ce, ba tawaya ba. Ahriman da dew ɗinsa kuwa ba su da getig nasu na kansu. Sun kutsa cikin duniya ne kamar ɓarawo, suna rayuwa a jikin abin da ba nasu ba, kamar yadda tsatsa ba ta da wurin zama sai a jikin ƙarfe. Wannan zamani da muke ciki suna kiransa zamanin cakuɗa, kuma a ƙarshen shekara dubu 12 na tarihin duniya za a tace komai da narkakken ƙarfe, mugunta ta rasa maɓoya.

Yasna ma tana da magana mai kama da haka, a babi na 9, inda aka ce a da daewa suna yawo a bayan ƙasa da siffar mutane, Zaradasht ne ya tilasta musu ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. Denkard kuma ya fitar da sakamakon a fili: ana iya fitar da Ahriman daga duniya in kowane mutum ya kore shi daga jikinsa, domin mazauninsa a duniya jikin mutane ne. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin sunayen dew sunayen halaye ne kawai, Az haɗama, Aeshma hasala, Taromaiti girman kai. Kuma shi ya sa shaidar shiga addinin, a babi na 12 na Yasna, take farawa da yin tir da daewa kafin mutum ya ce shi mai bautar Mazda ne. Yaƙin da su a wurin mabiyi na yau da kullum shi ne faɗin gaskiya, da tsabta, da noma, da tashi da asuba. Diw mai hanta da za a ciro kuwa na mawaƙa ne.

Malama Hadiza Zariya ta amsa:

Na karɓi gyaran Malam Garba rabi, domin akwai labarin da ke goyon bayan kowannenmu. A zamanin Kay Khusrau wani jakin jeji ya addabi garken dawakin sarki, aka aiki Rustam, ashe Akwan Diw ne ya rikiɗa. Da Rustam ya gaji ya yi barci, sai Akwan ya yanko ƙasar da yake kwance a kai ya ɗaga shi sama, ya tambaye shi ko ya jefa shi kan dutse ko cikin teku. Rustam ya san cewa diw kullum akasin abin da aka roƙa yake yi, sai ya ce a jefa shi kan dutse, Akwan ya wurga shi teku, ya yi iyo ya fita, daga baya ya kama shi da igiya ya kashe. Wannan kam dodon tatsuniya ne sak, wanda ake ci da wayo. Amma masana suna ganin sunan Akwan gurɓataccen Akoman ne, wato Aka Manah ɗin nan da Malam Sani ya ambata, mugun tunani. Kuma Firdausi da kansa, da ya kai ƙarshen labarin, kamar ya hango mai karatu yana murmushin rashin yarda, sai ya ce a fahimci diw a matsayin mugun mutum, wanda ba ya gode wa Allah, kuma duk wanda ya kauce wa hanyar mutuntaka a lissafa shi cikin diw, kada a lissafa shi cikin mutane. Can gaba kuma, a fadar sarki Anushirwan, waziri Buzurgmihr ya lissafa diw goma da ke rinjayar hankali, cikinsu har da haɗama da hassada da hasala da riƙon gaba da annamimanci. Har yau in Bafarise ya ce wa mutum diwana yana nufin mahaukaci, kamar yadda Balarabe ya ciro majnun daga jinn.

Saboda haka na janye dodo, amma ban koma ga shaiɗanu ba. Malam Aminu, ka bar kalmar yadda take, ka rubuta Farin Diw da Akwan Diw, ka yi wa ƙannenka bayani sau ɗaya a farkon labarin Tahmuras. Ka ajiye Iblis inda Firdausi ya ce Iblis, Ahriman inda ya ce Ahriman. In ka gama na Mazandaran ka turo mu gani, ina so in ga yadda za ka yi da waƙar da diw ɗin nan ya rera wa Kawus.